Fas, Rabat ko Kasablanka: a wane gari za ka sauke jakarka a Maroko?

Duk wanda ya taso a gidan da ake wazifa, da an ce Maroko, Fas ce ke faɗo masa a rai. Ɗan kasuwa kuwa Kasablanka ya sani, don nan jirgi ke sauke shi. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu, takardunsa Rabat suke nuna masa. Ruɗanin yana tasowa ne idan mutum ɗaya ya haɗa buƙata biyu ko uku: yana son karatu, yana son kusa da zawiya, kuma yana son ya ɗan juya kuɗi don kada ya zauna jiran abin da za a turo daga gida. Da shi nake magana, mai niyyar zaman watanni ko shekaru. Mai ziyarar mako guda ba ya cikin wannan damuwa, jirgin ƙasa ya ishe shi ya zaga garuruwan duka.

Ƙasar kanta tukuna

Maroko tana can kusurwar arewa maso yammacin Afirka. Tekun Atlantika na yamma da ita, Bahar Rum na arewa, kuma a inda ruwan ya fi ƙunci kilomita 14 kacal ne tsakaninta da Sifaniya. Duwatsun Rif sun tokare arewa, na Atlas sun ratsa tsakiya, bayansu kuma sai hamada. Wannan shimfiɗar ita ke yanke maka hukuncin yanayi: garin bakin teku yana da sassauci rani da hunturu, garin cikin ƙasa kuwa zafinsa zafi ne, sanyinsa sanyi. Ƙidayar 2024 ta ba da mutum miliyan 36.8.

Masarauta ce. Sarki Muhammad na Shida ya hau gado a 1999, daga gidan Alawiyyai da ke mulki tun ƙarni na 17. Tsarin mulkin 2011 ya ce shugaban gwamnati zai fito daga jam'iyyar da ta zo kan gaba a zaɓen majalisa, amma soja da al'amuran addini suna hannun sarki, wanda ke riƙe da laƙabin Amirul Muminina. Wannan ba zancen littafi ba ne kawai, yana shafar baƙo kai tsaye. Masallatai suna ƙarƙashin ma'aikatar Auƙafu, ba a miƙewa bayan an sallame a ce jama'a a ɗan dakata ga nasiha, kamar yadda muka saba. Kuma akwai abu uku da mai hankali ba ya sakin baki a kansu: sarauta, addinin ƙasa, da batun Yammacin Sahara. In ka je gari ka tarar kowa da jela, ka san abin yi.

Ta fuskar addini Bahaushe ba zai ji baƙunta ba. Malikiyya ce, kuma ruwayar Warshu ake karantawa, irin ta allonmu. Bayan Asuba da Magariba za ka ji an haɗa murya ana karanta hizbi. Inda baƙuntar take shi ne harshe. Larabci da Amazig ne harsunan hukuma, amma a titi Darija ake yi, Larabcin gida mai haɗiye wasula, wanda ko wanda ya sauke Alfiyya sai ya yi makonni yana zare ido. A banki, da asibiti, da sassan kimiyya na jami'a, Faransanci ke aiki. A nan ɗan Maraɗi ko Zinder ya sha gaban ɗan Kano tun kafin a tashi.

Tattalin arzikin ya dogara da ma'adinin fosfat da ake yin takin zamani da shi, da haɗa motoci, da noma, da masu yawon buɗe ido, da kuɗin da 'yan ƙasar mazauna Turai ke aikowa. Kuɗinsu dirhami ne, dala ɗaya tana kaiwa wajen dirhami 9 zuwa 10. Mafi ƙarancin albashi ya ɗan haura dirhami 3,000 a wata, kuma matasan ƙasar da kansu suna fama da rashin aiki. Saboda haka duk garin da za ka zaɓa, kada ka gina lissafinka a kan cewa za ka samu aiki idan ka isa.

Ma'aunan da za mu auna da su

Na farko tsada, kuma a nan haya ce uwa. Burodi dirhami ɗaya da 'yan kai ne ko'ina, kayan miya ma ba su bambanta sosai, amma kuɗin ɗaki shi ke raba gari da gari. Na biyu sauƙin shiga: harshe, takardu, da zirga-zirga. Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma duk baƙon da zai wuce kwana 90 sai ya nemi katin zama a ofishin 'yan sanda na garin da yake. Na uku ɗorewa, wato ko jikinka da zuciyarka za su iya jure wurin har shekara ta zagayo. Na huɗu haɗari. Na biyar, wanda ya fi su duka, shi ne ko abin da ya kai ka yana garin.

Fas

Fas ce tsohuwar fadar ƙasar, an kafa ta tun ƙarshen ƙarni na 8, kuma ita ce babban birni a lokacin da Faransawa suka mayar da mulki Rabat a 1912. A nan masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihriyya ta gina a 859. A nan Ibn Ajurrum, mai Ajurrumiyyar da ake biya wa yara a zaurukanmu, ya rayu ya rasu. A nan kuma Shehu Ahmad Tijjani ya zauna daga 1798 har rasuwarsa a 1815, kabarinsa yana cikin zawiyarsa a unguwar Blida. Ranar Juma'a bayan La'asar, idan aka zauna zikiri, za ka ji Wolof ta dama, Bambara ta hagu, wani lokacin ka tsinci Hausa a bayanka. Mutanen Senegal sun fi kowa yawa a cikin baƙin, har wasu masu shagunan unguwar sun iya ciniki da harshensu.

Wajen tsada Fas ta fi sauran biyun rangwame, nesa ba kusa ba. Kuɗin da zai kama maka ɗaki a tsakiyar Rabat zai iya kama maka sashe guda a nan. Sai dai garin biyu ne. Akwai tsohon gari, Fas al-Bali, mai dubban lunguna da mota ba ta shiga, sai alfadari da jaki da kura. Idan ka ji an ce "Balak!" a bayanka, manne da bango kawai, kaya ne ke tafe. Akwai kuma sabon gari mai tituna da benaye, can ɓangaren da jami'ar Sidi Muhammad bin Abdullahi take. Ɗakin tsohon gari ya fi arha kuma ya fi kusa da zawiya, amma da yawansu rana ba ta leƙa su.

Wannan ya kawo mu ga ɗorewa, inda Fas ke kayar da mutane. Wanda ya ce ya san sanyi don ya yi hunturu a Jos ko Agadas, bai kwana a Fas a watan Janairu ba. Gidajen an gina su ne don korar zafi: bango mai kauri, daɓen tayil, tsakar gida a buɗe. Da dare sai ka ga hucin bakinka a cikin ɗaki. Alwalar Asuba kuwa jihadi ce. A nan ne mutum ke gane dalilin da ya sa jallabiyarsu ta ulu take da hula a haɗe. Ifran, inda ƙanƙara ke zuba, tafiyar sa'a guda ce. Da Yuli da Agusta kuma zafi ya kan haura digiri 40. Wannan ba zai ba ɗan Sakkwato tsoro ba, sanyin ne abin shiri. Kuma akwai haɗarin da ba a cika faɗa wa baƙo ba: na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gas. Idan an kafa ta a banɗakin da iska ba ta shiga, hayaƙinta marar wari yana kisa, kuma duk hunturu sai an ji labarin hakan a ƙasar. Kafin ka biya kuɗin ɗaki, duba inda aka maƙala ta.

Karatun zaure na Ƙarawiyyin, inda malami ke hawa kujera ɗalibai su kewaye shi, ba a shigarsa da sha'awa kawai. Ana neman haddar Alƙur'ani da Larabci mai ƙarfi. Wanda bai kai nan ba, zai tarar Fas ta buɗe masa ƙofar ziyara amma ta rufe ta darasi.

Haɗarin yau da kullum ƙanana ne amma masu gajiyarwa. Ranar da na fara shiga ta ƙofar Bab Bujulud, wani saurayi ya dube ni ya ce, "Tijani? Zawiya?" Na gyaɗa kai, ya shige gaba. Muka yi ta gangara lungu bayan lungu, sai ga ni a saman benen wani shagon fata, an miƙo mini ganyen na'ana'a in toshe hanci, ƙasa kuma ga ramukan majema jere kamar na marinar Ƙofar Mata, sai dai nasu ja da rawaya da ruwan ƙasa. Zawiyar ba ta da nisa daga nan, amma sai da na sayi abin da ban yi niyya ba, na kuma sallame shi. Abin dariyar shi ne, fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta ta jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa ta ratsa Sahara. Wato na biya kuɗi a nuna mini sana'ar kakannina. Tun daga ranar, tambaya sai mai shago da ke zaune a shagonsa. Da dare kuma ba a kutsawa lungun da ba a sani ba.

Rabat

Rabat garin ma'aikata ne. Fadar sarki, majalisa, ma'aikatu, ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar, duk suna nan. Hukumar AMCI, mai kula da ɗaliban waje da gwamnatin Maroko ke ɗaukar nauyi, nan take. Haka jami'ar Muhammad na Biyar da aka kafa a 1957, da Darul Hadis al-Hasaniyya, da cibiyar horar da limamai da aka buɗe a 2015, wadda ta karɓi ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma har da Najeriya. Ɗaliban da suka zo daga ƙasashen Ingilishi akan fara musu da shekarar koyon Faransanci kafin su shiga karatun sosai.

Wajen sauƙi babu kamarta. Gari ne mai tsabta da tsari, ba shi da hayaniya, kuma ya saba da baƙar fata mai ɗauke da jakar littattafai. Tun 2011 akwai jirgin cikin gari mai bin layin dogo a kan titi, yana tashi daga unguwar jami'o'i ta Madinatul Irfan, ya haye kogin Bu Ragrag zuwa Sala. Riƙe sunan Sala da kyau, domin ita ce maganin babbar matsalar Rabat, wato haya. Unguwanni irin su Agdal da Hayyur Riyad na masu albashi mai kauri ne. Sala kuwa, da ke tsallaken kogi, ta fi Rabat ɗin yawan jama'a kuma ta fi ta arha, ga kasuwannin talakawa. Tallafin AMCI, a shekarun baya, an daɗe ana biyansa dirhami 750 a wata. Kwatanta shi da mafi ƙarancin albashin da na ambata, za ka ga cewa in ba ka samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, dole a haɗa kai mutum uku ko huɗu a kama gida, kuma dole gida su riƙa tallafawa.

Yanayinta mai laushi ne, iskar teku na rage zafi. Aibinta danshi: da hunturu bango ya kan yi tsatsa da funfuna, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Mai asma ya nemi ɗakin da ke kallon rana. Wasu kuma na cewa garin ya cika shiru, ƙarfe goma na dare an watse. Ga ɗalibi, ni ban ga laifin hakan ba.

Kasablanka

Larabawa na ce mata Darul Baida, 'yan gari kuma Kaza kawai. Mutanenta sun haura miliyan 3, ita ce cibiyar kuɗi da masana'antu. Kasuwar hannun jari da hedikwatar manyan bankuna suna nan. Bank of Africa da ɗan Yamai ya saba gani a titin garinsu, uwar kamfanin a nan take. Filin jirgin saman Muhammad na Biyar, inda jiragen Royal Air Maroc daga Legas da Abuja da Yamai ke sauka, yana wajen kilomita 30 daga gari, kuma akwai jirgin ƙasa daga cikin filin zuwa tashar Kaza Boyajo.

Ɗan kasuwa zai yini a wuri uku. Darb Umar ita ce Kantin Kwarin garin, yadi da kayan gida a kan sari. Unguwar Habus ta jallabiya ce da takalman balga da shagunan littattafan Larabci. Darb Gallaf kuma ta waya da kayan lantarki, sabo da na hannu. Masu sayen kaftanin mata, da man argan, da baƙin sabulunsu na wanka, da butocin shayi, duk a nan suke haɗa kaya, don a nan masu aika kaya zuwa Afirka ta Yamma suka fi yawa. A gefen tsohon gari akwai kasuwar da ake kira ta 'yan Senegal, inda mai kewar gida zai samu manja da busasshen kifi da kuɓewa.

Farashin wannan duka shi ne tsada da gajiya. Haya tana gogayya da ta Rabat, cunkoson motoci kuma sai wanda ya gani. Ƙwacen waya a kan babur abu ne da 'yan gari da kansu ke gargaɗi a kai, saboda haka ba a tafiya ana latse-latse a bakin titi. Jajayen ƙananan tasi suna da mita, ka tabbatar an kunna ta kafin a tashi. Masallacin Hasan na Biyu, da aka gama a 1993 a bakin teku, mai hasumiya mita 210, ya isa a je a gani, amma ba ya sa gari ya zama wurin natsuwa. Wanda ya iya zaman Legas zai iya Kaza. Wanda Legas ke sa wa ciwon kai, ya shigo ya yi sari ya fita.

Marrakesh da Tanja fa?

Ban sa su a sahun gaba ba da gangan. Marrakesh tana da nata girman, a can kabarin Alƙali Iyad mai Ashafa yake, da na Imam Jazuli mai Dala'ilu. Amma gari ne da ya karkata ga Turawa masu yawon buɗe ido, farashi na bin aljihunsu, zafin bazara ya fi na Fas, kuma girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, da ta kashe kusan mutum 3,000 a duwatsun kudu da garin, ta taɓa tsofaffin gine-ginensa. Wurin ziyarar kwana uku ne. Tanja kuwa tana bunƙasa da tashar jiragen ruwa ta Tanja Med da masana'antar motocin Renault, kuma tun 2018 jirgin ƙasa mai gudu, Al-Buraƙ, yana haɗa ta da Kasablanka cikin sa'a biyu da 'yan mintuna. Matsalarta ga baƙar fata ita ce daga bakin ruwa ana hango Sifaniya. 'Yan sanda sun fi tsananta bincike, masu safarar mutane kuma suna farautar matasa da daɗin baki. A Yunin 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Meliya, garin da ke hannun Sifaniya can gabas da Tanja, wajen ƙoƙarin tsallakawa.

Wannan ya shafi dukkan garuruwan ta wata fuska. Akwai waɗanda, da sun ga baƙar fata, sai su ɗauka ɗan ci-rani ne mai jiran kwale-kwale. Za ka iya jin yaro ya jefe ka da kalmar "azzi", kalmar raini ce. Za ka kuma haɗu da dattijon da, da ya ji daga inda ka fito, zai riƙe hannunka ya ja ka gidansa cin kuskus na Juma'a. Duka biyun Maroko ce. Katin zamanka ko kwafin fasfo kada ya bar aljihunka.

Ma'auni | Fas | Rabat da Sala | Kasablanka
Haya | Mafi arha | Tsada a Rabat, rangwame a Sala | Tsada
Harshen da ya fi amfani | Larabci da Darija | Faransanci da Larabci | Faransanci da Darija
Takardu da ofisoshi | Wasu sai an je Rabat | Komai na kusa | Sa'a guda zuwa Rabat
Yanayi | Sanyi mai tsanani, zafi mai tsanani | Sassauci, da danshi | Sassauci, da danshi da hayaƙi
Zirga-zirga | Ƙafa, tasi, bas | Jirgin cikin gari, tasi | Jirgin cikin gari, cunkoso
Babban haɗari | 'Yan rakiyar bogi, gas a ɗaki | Haya ta cinye guzuri | Ƙwace, damfarar ciniki
Abin da ta fi | Ilimin addini, zawiya | Jami'a, asibiti, natsuwa | Sari, banki, jirgin sama

Wa ya dace da ina

Mahaddaci mai Larabci a baki, wanda fiƙihu da nahawu suka kai shi, kuma guzurinsa bai da yawa, Fas ce tasa. Ya isa a watan Satumba ko Oktoba don jikinsa ya saba kafin sanyi ya kankama, ya sayi bargo biyu da jallabiyar ulu tun da wuri. Haka dattijon da ke son ya yi wata ɗaya ko biyu kusa da zawiya, sai dai shi ya nufi Afrilu ko Mayu, ya kuma tuna cewa lungunan hawa da gangara ne, gwiwa na shan aiki.

Ɗalibin likitanci, injiniya ko tattalin arziki, musamman ɗan Najeriya da bai iya Faransanci ba, ya fara da Rabat ko da daga baya za a tura shi wani gari. Iyayen da za su tura 'ya mace ma nan zan nuna musu, saboda kusancin ofishin jakadanci, da tsarin sufuri, da yawan 'yan'uwa ɗalibai. Mai zuwa jinya, Rabat ko Kasablanka, gwargwadon inda likitansa yake.

Ɗan kasuwa mai jari, wanda zai riƙa shiga da fita, Kasablanka. Ɗan Nijar mai Faransanci zai fi sakewa a nan da wuri. Wanda bai iya ba ya nemi amintaccen tafinta, kuma kada ya biya kuɗin kaya bai ga an ɗaure su a gabansa ba.

Saura mutumin da muka fara da shi, mai buƙata uku a zuciya ɗaya. Ni dai Sala zan ce masa. Ya kama ɗaki kusa da layin jirgin cikin gari, ya yi karatunsa a Rabat. Ranar Asabar, da yake hutun mako a can Asabar da Lahadi ne, jirgin ƙasa zai kai shi Kasablanka cikin sa'a guda ya yi sarinsa ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Juma'ar da ba darasi kuma ya hau na safe zuwa Fas, tafiyar da ba ta kai sa'a uku ba, ya samu Juma'a a Ƙarawiyyin, ya zauna zikirin La'asar a zawiya, ya kwana ɗaya ya juyo.